Numfashin jirgin ƙarƙashin teku da tsawon rayuwarsa

Na daɗe ina bibiyar labarin jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku masu aiki da dizal da lantarki, kuma matsayina a kansu shi ne, duk ƙasar da ba ta shirya ɗaukar nauyin gyaran irin wannan jirgi na tsawon shekara talatin ba, bai dace ta zuba 'ya'yanta a cikinsa ba.

Sai an fahimci ƙirarsa kafin a gane dalilina. Injin dizal ba ya tashi sai da iska, ita kuwa iska babu ta a ƙarƙashin ruwa. Saboda haka a jiragen zamani aikin injin shi ne juya janareta, janareta ta cika manyan batura da aka jera a ƙasan jirgin, su kuma baturan su ba motar lantarki wutar da za ta juya farfela. Da zarar jirgi ya nitse, da baturan nan kaɗai yake rayuwa. Idan yana tafiya sannu a hankali zai iya kwana biyu ko uku, amma idan kwamanda ya saki gudu, cikin sa'a ɗaya ko biyu wutar za ta ƙare. Daga nan dole ya hauro kusa da saman ruwa ya ɗaga bututun shaƙar iska, wanda sojojin ruwan Holan suka fara sa wa jiragensu, Jamusawa kuma suka ɗauka a Yaƙin Duniya na Biyu. A bakin bututun akwai murfi mai rufe kansa idan igiyar ruwa ta haye shi, kuma a ɗan wannan lokaci injin yakan koma zuƙar iskar cikin jirgin, har ma'aikata su ji dodon kunnensu na ja kamar zai fashe. A wannan hali ne jirgin ya fi rauni, domin ana iya jin ƙarar injinsa, kuma tsakaninsa da ruwan teku murfi ne guda.

Duk da haka ƙira ce da nake girmamawa. Jirgin da ke tafiya a kan batura ba ya ƙara sosai, ga shi ya fi mai makamashin nukiliya araha nesa ba kusa ba. A shekarar 2005 Amurka ta yi hayar jirgin Gotland na Suwidin tare da ma'aikatansa, kuma a wani atisaye ya ratsa tsaron katafaren jirgin dakon jiragen sama Ronald Reagan ba tare da an gano shi ba. Gotland yana da ƙarin injin Stirling mai amfani da iskar oksijin da aka adana a tanki, abin da ke ba shi damar yin makonni bai hauro ba.

Inda damuwata take shi ne tsufa. Kowace mita goma da jirgi ya nitse, nauyin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar duniya sau ɗaya. Ƙarfen jikinsa yana matsewa idan ya sauka, ya sake idan ya hauro, kuma haka zai yi ta yi sau dubbai, yayin da gishiri ke cin walda da bututu da robar da ke hana yoyo. Su ma baturan darma suna fitar da iskar haidirojin idan ana cika su, idan kuma ruwan gishiri ya same su sai wuta da iska mai guba.

Jirgin San Juan na Ajantina, wanda aka ƙera a Emden ta Jamus ya fara aiki a 1985, an yanka shi gida biyu a babban gyaran da aka soma a 2008 domin a sauya injuna, sannan aka haɗe shi da walda. Ranar 15 ga Nuwamba 2017 ya aiko da saƙo cewa ruwa ya shiga ta bututun iska ya taɓa baturan gaba. Mutum 44 ne a ciki, har da Eliana Krawczyk, mace ta farko da ta zama hafsa a jiragen ƙarƙashin teku na ƙasar. Sai bayan shekara guda aka gano tarkacensa a zurfin kusan mita 900. Nanggala na Indunisiya kuwa, ƙirar birnin Kiel na Jamus, ya shekara 40 yana aiki lokacin da ya nitse a arewacin Bali ranar 21 ga Afrilu 2021 da mutum 53, aka same shi ya rabu gida uku. Ba na ɗora komai a kan tsufa, amma duk lokacin da na tuna iyalan da suka yi kwanaki suna lissafin sauran iskar da ta rage wa 'yan uwansu, nakan ga cewa ƙara wa tsohon jirgi wa'adi hukunci ne a kan rayuka, kuma bai kamata ƙarancin kasafin kuɗi ya yanke shi ba.

Tsarin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na Japan. Kamfanonin Mitsubishi da Kawasaki a birnin Kobe suna karɓa-karɓa wajen ƙera sabon jirgi kusan duk shekara, wanda ya haura shekara ashirin kuma a mayar da shi na horo ko a sauke masa tuta. Ta haka masu walda ba sa manta hannunsu, kuma a 2020 ƙasar ta fara aiki da Oryu, jirgi na farko da ya koma amfani da baturan litiyam a maimakon na darma.