Muryar opera ba ta son gaggawa, kasuwa kuwa ba ta jira

Zauren Metropolitan Opera da ke birnin New York yana ɗaukar mutum kusan 3,800. Mawaƙi zai tsaya a kan dandali, ga makaɗa saba'in ko tamanin a gabansa da gogensu da ƙahoninsu da gangunansu, amma dole muryarsa ta tsallake su ta isa kunnen wanda ke kujerar ƙarshe a can saman bene, ba makirufo ba lasifika. Abin da ake horar da mawaƙin opera a kai ke nan, wato wasan kwaikwayon nan na Turawa da ake rerawa da waƙa. Wanda ya hango daga nesa zai ɗauka ƙarfin huhu ne da iya kwarmato. Wannan zaton ya sha kashe muryoyin matasa.

Kayan aikin duka 'yan tantani biyu ne a cikin maƙogwaro, tsawonsu bai wuce santimita biyu zuwa biyu da rabi ba. Idan mace mai siririyar murya ta haura ƙololuwa, tantanin nan suna haɗuwa su rabu fiye da sau 1,000 a daƙiƙa guda. A shekarun 1970 wani masanin sauti ɗan ƙasar Suwidin, Johan Sundberg, ya nuna cewa ƙwararren mawaƙi, musamman namiji, yakan sauke maƙogwaronsa ƙasa ya buɗe sararin da ke samansa, sai muryar ta sami wani kaifi a wajajen kaɗawa 3,000 a daƙiƙa, daidai inda ƙarar makaɗa ta yi rauni. Ba fin ƙarfinsu yake yi ba, ta kafar da suka bari yake ratsawa.

Matsalar ita ce mutum ba ya jin muryarsa yadda wasu ke jin ta, domin wani ɓangare na sautin ta ƙasusuwan kansa yake isa kunnensa. Abin da ya ji ya yi masa kauri da daɗi, mai yiwuwa a waje a shaƙe yake fitowa. Shi ya sa ba makawa sai da kunnen wani. Malami na zaune gaban fiyano, ɗalibi na tsaye ya dafe haƙarƙarinsa da hannu biyu don ya ji buɗewarsu idan ya ja numfashi. Sai ya kama wasali guda, ya fara shi can ƙasa-ƙasa, ya ƙara masa ƙarfi a hankali, ya sake mayar da shi, duk a numfashi ɗaya. Kafin ya kai rabi malam ya ɗaga hannu: "Haɓarka ta ƙage, saki. Sake daga farko." Ana iya cinye darasi sukutum a haka ba a taɓa baitin waƙa ko ɗaya ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi aka yi ta mayar da shi kan mafitar harafi guda ya san irin wannan zama.

Ra'ayina shi ne babban aikin malamin murya bai wuce iya cewa "ba yanzu ba". Labarin Jenny Lind, mawaƙiyar opera 'yar ƙasar Suwidin, ya isa hujja. Tana da shekara 17 ta fara manyan wasanni a Stockholm, aka yi ta ɗora mata aiki saboda jama'a na tururuwar zuwa jin ta. A 1841, ba ta ma cika shekara 21 ba, ta isa Paris wurin malamin murya Manuel García da murya a dishe. Ya saurare ta, ya hana ta waƙa na makonni, har magana ya ce ta taƙaita. Da ta dawo, daga numfashi ya fara da ita kamar sabuwar shiga, suka shafe kusan wata goma. Bayan wannan gyara ne ta zama mawaƙiyar da Turai ta dinga rububi, har ta zagaya Amurka daga 1850. Luciano Pavarotti, shahararren mawaƙin opera na Italiya, shi ma ya fara karatu wurin Arrigo Pola a Modena a 1954, bai hau dandalin opera ba sai 1961.

Yau kasuwar a gaggauce take. Gasar waƙa da ake yi a Cardiff tun 1983, da gasar Operalia da mawaƙi Plácido Domingo ya kafa a 1993, suna iya mayar da matashi tauraro a dare ɗaya. Washegari dillalai za su zo da tayin wasannin da Verdi ko Wagner suka tsara, waɗanda murya ba ta cika nuna ta iya ɗaukar nauyinsu sai mutum ya ba shekara talatin baya. Wanda ya karɓa da wuri zai yi ta matsa maƙogwaro don ya cike giɓi, daga nan sai kumburi, sai kanta ta fito a tantanin, sai murya ta fara rawa ba da son mai ita ba. Ba kowace lalura ce ta gaggawa ba, gaskiya. Lokacin da aka yi wa mawaƙi Rolando Villazón tiyatar cire ƙulli a tantanin muryarsa a 2009, masu suka sun ce ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa, bayanin da aka bayar kuwa shi ne da ƙullin aka haife shi.

Akwai ƙorafi biyu da ban raina ba. Na farko, malaman ma ba ma'asumai ba ne. Babu wata takardar izini da ake nema kafin mutum ya kira kansa malamin murya, kuma da yawansu tsofaffin mawaƙa ne da ke koyar da abin da ya yi wa nasu jikin aiki, ko ya dace da ɗalibi ko bai dace ba. A nan ilimin likitanci ya yi rana. García ɗin nan dai, a 1854, ya sa ɗan madubin likitan haƙori a bakinsa, ya haska da hasken rana ta wani madubin, ya kalli tantaninsa suna motsi. Yanzu likita na zura 'yar kyamara ya nuna wa mawaƙi nasa a allo. Ɗalibin da kullum yake fita darasi da zafin maƙogwaro, likita ya kamata ya nema, ya kuma sauya malami ba tare da jin kunya ba.

Na biyu ya fi nauyi: wa zai ciyar da matashi tsawon shekarun jira? Haƙuri da ciki a ƙoshe yake daɗi. Pavarotti koyarwa ya yi a firamare, ya kuma sayar da inshora, Pola kuwa kyauta ya koyar da shi. Idan aka bar abin haka, 'ya'yan masu hali kaɗai za su iya jira. Jamus ta fi kowa kusa da mafita: tana da gidajen opera kimanin 80, galibi da tallafin gwamnati, inda ake ɗaukar matashi a kan albashin wata ya fara da ƙananan matsayi a wasa. Pretty Yende ta Afirka ta Kudu, wadda ta fara jin opera a tallar talabijin tana 'yar shekara 16, sai da ta yi karatu a Cape Town, ta wuce makarantar horon gidan opera na La Scala a Milan, kafin ta hau dandalin New York a 2013. Gidajen da ke cin ribar irin wannan murya su ya kamata su biya kuɗin rainonta, su kuma bai wa malami damar cire sunan ɗalibinsa daga wasan da bai kai ba, ko da an riga an buga tikiti.