Rasit ɗin kamfanin dakon kaya ba inshora ba ne

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun biya kuɗin dakon babur daga Kano zuwa Legas, aka ba su rasit, to duk abin da ya same shi a hanya kamfani ne zai biya. Ba haka abin yake ba. Rasit shaida ce kawai cewa sun karɓi kuɗinka da kayanka. Wasu ma a ƙasan takardar sukan rubuta da ƙananan haruffa cewa asara tana wuyan mai kaya, kai kuwa ka sa hannu ba ka duba ba.

Abin yana damuna, domin tafiyar ta kai kusan kilomita 1,000, kuma babur ɗin sau da yawa shi ne jarin gida guda. Kafin ka miƙa makulli, ka tambaya ko suna da inshorar kayan da ke kan hanya, su nuna maka takardar, ka ga ko kamfanin inshorar yana da lasisin NAICOM, wato hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya. Rajistar kamfanin dakon a CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, ita ma ana iya dubawa a intanet.

Sannan a rubuta lambar inji da ta bodi a takardar karɓa, ka ɗauki hoton babur ɗin ta kowane gefe a gabansu. A zuƙe mai, a cire wayar batir. Ka tsaya ka ga an ɗaure shi a tsaye, kada a kwantar da shi a jibga masa buhuna. Kwafin takardunsa ya bi direba saboda shingayen 'yan sanda da kwastan, na ainihi kuma su zauna a hannunka.