Masu son finafinan sararin samaniya, don Allah ku daina ɓuya

Da ku nake, samari da 'yan mata masu raba dare kuna kallon finafinan mutum-mutumi da jiragen da ke zuwa wasu duniyoyi, amma in an zauna majalisa ana musun Madrid da Barca sai ku yi tsit kamar ba abin da ke burge ku a rayuwa. Na san tsoron, kar a ce maka yaro, kar a ce ka fara zarewa, ko wani ya taɓe baki ya ce ai duk ƙarya ce. To dama wa ya ce gaskiya ce? Gizo da Ƙoƙi ma ba wanda ya taɓa cin karo da su a kasuwa, kuma duk a kansu muka tashi.

Ɓuyan nan asara ce wallahi, domin wanda kake jin kunyarsa sau tari shi ma irinka ne, kai yake jira ka fara. Gwada ka gani, ka jefa zancen tafiya zuwa duniyar Mars ko na injin da ke mayar da mutum zamanin da, za ka sha mamakin wanda zai gyara zama, wani lokacin ma wanda ko gaisawa ba kwa yi sosai, daga nan sai karɓar lamba, sai tura fim, sai ka ga an zama aminai har ana zuwa bikin juna. Masu dariyar kuma ai su ne suka haddace Indiya-Hausa na Jadu, halittar nan da ta sauko daga wata duniya, tun suna firamare, sunan abin ne kawai ba su sani ba.

Kalli yaran nan na Kaduna, The Critics Company. Da waya mai fasasshen gilashi da koren yadi da suka rataya a bango suka dinga haɗa gajerun finafinan kimiyya, suna koyon haɗa hoto a YouTube ga matsalar wuta ga tsadar data, kuma ba su ɓoye ba, sakawa suka yi kowa ya gani. A 2019 labarinsu ya zaga duniya, daga baya J.J. Abrams, wanda ya ba da umarnin Star Wars na 2015, ya aiko musu da kayan aiki tun daga Amurka. Da sun tsaya jin kunyar 'yan unguwa da wa zai san da su?

Masu cewa kayan Turawa ne kuma, su nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969 aka buga shi, da Hausa tsantsa, yaro ne aka ɗauke shi zuwa sararin samaniya. Iyayenmu sun karanta abinsu ba wanda ya ce sun zare. Can Amurka ma Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, da bakinta ta faɗa cewa ganin baƙar mace cikin shirin Star Trek tun tana yarinya yana cikin abin da ya ƙarfafa mata gwiwa.

Sai dai a yi da hankali fa. Ba cewa na yi ka tare mutane awa biyu kana zuba musu labarin da ba su tambaye ka ba, ko ka dinga yi wa mai kallon Kannywood kallon wanda bai waye ba, wannan halin shi ke sa a tsani masu abin. In an kira salla a dakatar da fim, ba inda zai gudu. In ka ci karo da abin da ya saɓa wa aƙidarka a ciki ka san dai ƙagaggen labari ne, ka wuce.

Kuma don girman Allah in ka samu sabon abokin kallo kar ka faɗa masa yadda fim ya ƙare, akwai waɗanda har yau ba na musu magana saboda wannan.