Ku bar mana Bulus ɗinmu

Makon jiya aka yi sunan ɗan ƙanena, aka maida masa sunan marigayi babanmu, Bulus. Da yamma ana kwashe kujeru sai na ji uban yaron yana cewa a takardar haihuwa Paul zai sa, wai Bulus ya yi ƙauyanci. Abin ya tsaya min a rai har yau.

Jama'a, wannan suna daga Latin ya fito, harshen Romawa. Paulus suke cewa, ma'anarsa ƙarami, ko ɗan kaɗan. Kamar dai yadda mu ma muke da Ƙarami da Auta a gidajenmu. Amma manyan Roma ne suka riƙe shi. Lucius Aemilius Paullus ya mutu a fagen daga a Cannae, a ƙasar Italiya, yana yaƙar Hannibal, babban abokin gābar Romawa, shekara 216 kafin haihuwar Almasihu, ɗansa mai sunansa kuma ya ci Makidoniya da yaƙi a 168.

Wanda ya kai sunan ko'ina a duniya shi ne Manzo Bulus, mutumin Tarsus da ke ƙasar Turkiyya ta yau. Da yawa suna zaton a hanyar Dimashƙu, inda ya ba da gaskiya ga Almasihu, aka sauya masa suna daga Shawulu. Ba haka ba ne. Bayahude ne mai 'yancin ɗan ƙasar Roma, yana da sunan gida, yana da na fita waje. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 13, a tsibirin Kubrus aka fara kiransa Bulus, a gaban gwamnan da shi ma sunansa ke nan. Daga baya da kansa ya rubuta wa Korintiyawa cewa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin manzanni. Duk sa'ad da na karanta wurin nan sai in tuna ma'anar sunansa.

To, kowace al'umma ta lanƙwasa shi daidai bakinta. Sifaniyawa suka ce Pablo, Italiyawa Paolo, Rashawa Pavel, mutanen Brazil har babban birninsu na kasuwanci São Paulo ne. Larabawa ba su da harafin p, suka ce Bulus, haka kuma yake a Littafi Mai Tsarki na Hausa. Ba wanda ya taɓa jin kunyar nasa sai mu. Kuma ku faɗa da ƙarfi ku ji: Paulus, Bulus. Namu ya fi na Ingila kusa da asali, don su sun yanke masa wutsiya.

Na kira ƙanena gefe na ce, "Kai, Baba shekara nawa yana amsa wannan suna a coci da kasuwa, ka taɓa ganin ya sunkuyar da kai?" Shiru ya yi. Mama kuwa ba ta ce uffan ba, tana ta jijjiga jaririn a cinyarta tana kiransa mai sunan maigida. Jibi za su je karɓo takardar, ni ma na ce da ni za a je.