Wai maganin ya yi yawa

To, masu ƙirgen ƙwayoyi, an sallamo ta, sai ku zo ku karɓi tukwici. Kwana biyar ƙanwata ta yi a gadon asibiti, amma har yanzu a gurup ɗin gidanmu akwai mai cewa dama can maganin ne ya yi mata yawa.

Ya yi yawa a ma'aunin wa? A tiyar da Goggo ke auna gero?

Shekara uku yarinyar nan tana shan litiyam, maganin larurar ƙwaƙwalwa mai sa yanayin mutum hawa da sauka, da maganin damuwa da wata 'yar ƙwaya ta dare, lafiya lau, har ta koma makaranta. Bayanta ya riƙe, yaron kemis ya zuba mata maganin ciwon jiki diklofenak safe da yamma, a tsakiyar zafin Afrilu, ko "me kike sha?" bai tambaya ba. Ƙoda ce ke fitar da litiyam daga jiki. Diklofenak da ibufurofen suna rage wannan fitar, haka wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, gumi da ƙarancin ruwa kuma su ƙara ta'azzara abin. Likita yana neman awon litiyam a jini ya tsaya wajen 0.6 zuwa 1.0, in ya haura 1.5 ya fara zama guba. Shi ya sa ake ɗibar jininta awa 12 bayan ta sha. Da litiyam ɗin ya taru a jininta, hannu ya kama karkarwa, ga amai, ga gudawa, tana tangaɗi, harshe ya yi nauyi. Mu kuma me muka ce? Mutanen ɓoye sun dawo, a kawo turare!

Yanzu sabuwar fatawar ita ce a jefar da litiyam ɗin a bar mata na damuwar kaɗai, tunda ai damuwa ce ke damunta. Sannu farfesa. Mai irin larurarta, wadda ke hawa da sauka, in aka bar shi da maganin damuwa zalla yana iya tashi sama: ba barci, surutu ba birki, kuɗi kamar ana watsa wa kaji tsaba. Mun gani a shekarar farko, ko kun manta wa ya biya bashin atamfofin nan?

Duk ƙwayar da ka ƙara ko ka cire, ka taɓa awon sauran. Dubi wasu magungunan da ake ba masu irin larurarta: Epilim yana sa Lamictal ya daɗe a jini, dole a fara Lamictal ɗin da ɗan mitsitsi a riƙa ƙarawa a hankali, in aka yi gaggawa fata na iya saluɓewa kamar ƙuna. Tegretol kuwa yana sa hanta ta cinye wasu magungunan da wuri, har ƙwayar tazarar haihuwa. Wannan lissafin ne za ki yi da ido, Goggo? Ka taɓa ɗaya, ka taɓa duka.

Na san za a ce likitoci ma suna kuskure. Suna yi, sai a koma musu da leda a zazzage a kan tebur su gyara. Za a ce addu'a. Wa ya hana? A yi, a kuma sha magani. Za a ce tsada, to kwana biyar ɗin nan kyauta muka yi?

Wallahi ba na zargin kowa da mugunta. Goggo ita ta goya yarinyar nan, da ta gan ta a kwance sai da ta yi kuka. Tsoro ne, ni ma na ji shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita ƙanwar tawa kunya ce ta hana ta gaya wa mai kemis tana shan maganin ƙwaƙwalwa, don kar unguwa ta ji. Mu muka koya mata wannan kunyar.

Af, wanda ya tafi da jan filas ɗina daga ɗakin jinya ranar Talata, na Umma ne, kuma ta fara tambaya.