Manhajarmu ta shiga bas

A ofis manhajar zumuntar da muke ginawa ba ta da wani aibu. Wi-Fi ga shi nan, waya a kan tebur, hannu biyu a sake. Sai oga ya ce ai yawancin masu amfani da ita a mota suke buɗe ta, kan hanyar zuwa aiki da dawowa, don haka wani ya je ya gwada ta a can. Kowa ya sunkuyar da kai kan kwamfutarsa. Ni ne ban sunkuya da wuri ba.

Da na shiga bas, ban samu kujera ba. Hannun hagu ya riƙe ƙarfen sama, na dama ya riƙe waya, ya zama babban yatsa ne kaɗai ma'aikaci. Maɓallin aika saƙo kuwa mun kai shi can ƙuryar sama ta hagu, inda yatsan ba ya isa sai an sassauta riƙon wayar. Ga shi ƙarami. Google na ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza 48dp (dp ma'aunin girma ne a fuskar waya), Apple kuma 44 a nasa ma'aunin, namu 32 ne saboda mai zane ya ce ya fi kyan gani. Direba ya taka birki, yatsana ya sauka kan alamar zuciya a ƙarƙashin wani tsohon hoton oga. Ban ma san yana da gashi a da ba.

Na ce bari in yi bayani a ƙarƙashin hoton. Na rubuta "Ranka ya daɗe, gwaji nake yi", na aika daidai lokacin da bas ta shiga ƙarƙashin gada. A nan ne abin ya lalace. Saƙon ya isa sabar, wato babbar kwamfutar da ke karɓar saƙonninmu, lafiya, amsar da ke cewa "an karɓa" ce ta ɓace a hanya, domin waya tana sauka daga wani ƙarfen sabis tana hawa wani. Manhaja ta jira daƙiƙa 10, ba ta ji komai ba, ta ɗauka bai tafi ba, ta sake turawa. Mun ba ta izinin maimaitawa har sau 5. Ta cika alƙawari. Kafin mu kai tasha ta gaba oga ya samu tabbaci guda 6 cewa gwaji nake yi.

Maganin wannan ba wuya: kowane saƙo a ba shi lambar shaida tasa tun daga cikin waya, sabar in ta ga lambar da ta riga ta gani sai ta watsar. Maimaitawar kuma a riƙa tsawaita ta, daƙiƙa 1, 2, 4, 8, kada a yi ta ƙwanƙwasa ƙofa babu numfashi.

Akwai kuma dabarar da muke taƙama da ita: ka girgiza waya, shafin kai ƙorafi ya buɗe. Na'urar jin motsi ta cikin waya ba ta bambance hannun mai fushi da gargadar hanya. Duk ramin da muka faɗa sai manhaja ta tambaye ni, cikin ladabi, ko akwai matsala. Akwai mana! Wannan kashe ta ya fi, wanda yake so ya kunna da kansa.

Bidiyo ya tashi da sauti ba tare da na taɓa shi ba, dattijon da ke gabana ya waiwayo ya ce, "Yaro, mu ma sai mun ji?" Na rubuta: bidiyo ya fara a shiru, a saka rubutun magana a ƙasa, a sauko da ingancin hoton bidiyo daga 720p zuwa 360p in sabis ya yi rauni, a kuma sauke labarai tun ana kan Wi-Fi don a samu na karantawa a inda babu sabis.

Sai ƙararrawar tasha, wadda ni na gina ta. Na zana da'ira ta mita 150 kewaye da inda zan sauka, waya ta yi ƙara in na shiga. Amma Android, don tattalin batir, yana iya jinkirta irin wannan sanarwa kamar minti 2 in manhaja ba a buɗe take ba. Bas mai gudun kilomita 40 a awa tana cin kusan mita 670 a minti ɗaya. Da'irar tana buƙatar ta kai kilomita ɗaya da rabi. Na yi wannan lissafin ne a ƙafa, ina takowa baya a gefen titi, wayar tana ta shaida mini cewa na kusa isowa.