“Ai Toyota ce”: daga masaƙar Toyoda zuwa filin dillalan mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dillalan mota a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san maganar da ake rufe ciniki da ita. Mai saye zai ɗaga murfin inji, ya tambayi shekarar motar, ya koka da tsadarta, sai dillali ya dafa ta ya ce, “Alhaji, ai Toyota ce.” Sau da yawa a nan tambaya take ƙarewa, a ƙirga kuɗi, a biya la'ada. Na daɗe ina ganin cewa wannan magana tana da gaskiya a cikinta, amma kuma ta zama mayafin da ake lulluɓe aibin motoci da shi, har mutane suna zuba dukiyar da suka yi shekaru suna tarawa a kan suna kawai, alhali shi kansa kamfanin bai samu wannan suna ba sai ta hanyar ƙin yarda da abin da bai duba ba.

Asalin kamfanin daga saƙa ne. Sakichi Toyoda, ɗan kafinta daga wani ƙauye a Japan, ya shafe rayuwarsa yana inganta masaƙa, kuma wadda ya kammala a 1924 tana sauya ƙoshiya ba tare da ta dakata ba, sannan tana tsayawa da kanta da zarar zare ɗaya ya tsinke. Wanda ya san saƙa ya san muhimmancin wannan, domin idan zare ya tsinke aka ci gaba da aiki, to duk ƙyallen da ya biyo baya ya lalace, kuma ba za a gane ba sai an gama. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila haƙƙin ƙera wannan masaƙa a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ne ya buɗe sashen motoci a cikin kamfanin masaƙar a 1933, ya fitar da motar fasinja ta farko a 1936, kuma a 1937 sashen ya zama kamfani mai zaman kansa da sunan Toyota. Garin Koromo inda aka kafa masana'antar ya sauya suna zuwa Toyota a 1959.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya kusa durƙushewa. A 1950 bashi ya yi masa katutu, ma'aikata suka shiga yajin aiki na kusan wata biyu, aka rabu da sama da mutum 1,500, shi ma Kiichiro ya sauka daga shugabanci, kuma abin da ya ceci kamfanin shi ne odar manyan motoci da sojojin Amurka suka bayar lokacin da yaƙin Koriya ya ɓarke a wannan shekarar. Wannan ƙunci ne ya haifi tsarin aikin da Eiji Toyoda, ɗan uwan Kiichiro, da injiniya Taiichi Ohno suka gina. Kamfanin ba shi da kuɗin tara kaya a sito kamar yadda Ford ke yi a Amurka, don haka aka tsara cewa kowane ɓangare zai iso wurin haɗawa a daidai lokacin da ake bukatarsa. Ba shi kuma da halin gyara motoci bayan an gama ƙera su, don haka aka dawo da darasin masaƙar: aka rataya igiya a kan layin aiki, aka ba kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantar matsayinsa, ikon jan ta idan ya ga matsala, ko da hakan zai tsayar da layin baki ɗaya. A ganina wannan igiya ce tushen duk abin da ake yabon Toyota da shi a yau. Ko lokacin da motarsu Crown ta kasa jure manyan titunan Amurka bayan an fara sayar da ita a can a 1958, ba su yi gardama da kasuwa ba, sai suka janye ta, suka koma suka gyara aikinsu, suka dawo da Corona a tsakiyar shekarun 1960. Corolla ta fito a 1966, HiAce a 1967, Hilux a 1968, kuma zuwa 2021 an sayar da Corolla fiye da miliyan 50.

A yankinmu ba talla ce ta gina darajar waɗannan motoci ba, hanya ce ta gina ta. A 1987, a matakin ƙarshe na yaƙin Chadi da Libiya, sojojin shugaban Chadi Hissène Habré sun fatattaki tankokin Gaddafi a Fada da Wadi Dum suna kan a-kori-kura ƙirar Hilux da Land Cruiser, har aka raɗa wa wannan mataki sunan Yaƙin Toyota. Direbobin Agadas da ke ratsa hamada zuwa Dirku sun daɗe da yanke hukuncin motar da za su damƙa wa ransu. Abin takaici ne cewa irin wannan juriya ce ta sa masu tayar da ƙayar baya a Sahel ma suke neman waɗannan motoci ruwa a jallo. A Najeriya kuwa, da Peugeot ce sarauniyar hanya, musamman 504 da ake haɗawa a Kaduna tun tsakiyar shekarun 1970, amma faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai kasuwa ta koma ga 'yan Kwatano, kuma a cikin gwanjon da aka yi ta shigowa da shi, motocin Japan ne suka fi nuna ƙarko a kan ramukanmu da ƙurarmu da man da ba koyaushe yake da tsabta ba.

Sai dai akwai wani abu da masu yabon motar ba su cika faɗa ba. Rabin daɗin mallakar Toyota a ƙasar nan ba a Japan aka ƙera shi ba, a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa da Panteka da Ladipo aka gina shi. Mai Corolla zai iya samun fulogi ko lagireto ko ma inji sukutum a rana ɗaya, kuma da wuya ya shiga garin da babu bakaniken da ya taɓa kwance irin motarsa ya mayar. Yawan motar ya jawo yawan kayan gyara, yawan kayan gyara ya jawo ƙarin masu saye, ƙarin masu saye kuma ya sa motar ba ta faɗuwa a kasuwa idan an tashi sayarwa. Shi ya sa magidanta da yawa suke ɗaukar ta kamar fili ko tunkiyar kiwo, wato ajiyar da za a iya juyawa ta koma kuɗi idan lalura ta taso. Wannan lissafi ne mai ma'ana, kuma ba na ganin laifin wanda ya yi shi, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, abin da ya sa kowane kuskure a sayen mota ya zama asarar da ba a farfaɗowa daga ita cikin sauƙi. Abin da nake ja da shi shi ne a ɗauka cewa tambarin da ke gaban motar ya wadatar.

Shi kansa kamfanin ya nuna cewa suna ba ya tsare kowa. A 2008 Toyota ya wuce General Motors ya zama kamfanin da ya fi sayar da motoci a duniya, kuma shekara guda bayan haka ya shiga ɗaya daga cikin rikice-rikice mafi muni a tarihinsa. Tsakanin 2009 da 2010 ya janye motoci fiye da miliyan 8 saboda shimfiɗar ƙasa da ke danne totur da kuma totur ɗin da ke maƙalewa, bayan haɗurran da suka ci rayuka, ciki har da na mutum huɗu 'yan gida ɗaya a Kalifoniya. A watan Fabrairun 2010 Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka ya amsa cewa kamfanin ya faɗaɗa da saurin da ya wuce ƙarfinsa. Adalci ne a ambaci cewa binciken da injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka yi bai gano wata matsala a na'urorin lantarkin motocin ba, amma duk da haka a 2014 kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2, ya kuma amsa cewa ya ɓoye wa jama'a abin da ya sani.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A 2022 aka gano cewa Hino, reshen da ke ƙera manyan motoci, ya yi shekaru yana murɗe alƙaluman hayaƙi. A watan Disamban 2023 Daihatsu, wani reshen, ya dakatar da fitar da dukkan motocinsa bayan kwamitin bincike ya gano maguɗi a gwaje-gwajen da suka shafi nau'in mota 64, wasu tun daga 1989, kuma kwamitin ya ɗora alhakin a kan matsin da ake yi wa ma'aikata su gama aiki cikin ƙurarren lokaci. A watan Janairun 2024 kuma aka samu saɓa ƙa'ida a gwajin ƙarfin injinan dizal da ake saka wa Hilux da HiAce da Land Cruiser, aka dakatar da fitar da nau'i 10 na ɗan lokaci, kodayake kamfanin ya ce injinan sun cika ma'aunin da ake bukata. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wanda ya ƙera injinan, wato Toyota Industries, shi ne ainihin kamfanin masaƙar da Sakichi ya kafa a 1926. A duk waɗannan lokuta ciwon ɗaya ne: an ga zare ya tsinke, amma babu wanda ya samu ƙarfin halin tsayar da aiki. Ina jinjina wa kamfanin da yake fitowa ya nemi afuwa ya gyara, abin da ba kowane babban kamfani ke yi ba, sai dai neman afuwa yana zuwa ne bayan motocin sun riga sun bar masana'anta.

To idan wannan ne halin sabuwar mota, yaya za a ce da wadda ta yi shekara 15 a hannun mutum uku kafin ta hau jirgin ruwa? Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. Da yake tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, Japan kuwa a hagu ake tuƙi, yawancin Toyotar da ke titunanmu ba daga Japan kai tsaye take ba. Camry da yawa a jihar Kentucky ta Amurka aka ƙera su, Corolla da yawa kuma a Kanada ko Kalifoniya, kuma wani kaso na waɗanda ake kawo mana an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora bayan haɗari ko ambaliya, aka buge su, aka yi musu fenti, wani lokaci har a mayar da agogon tafiyarsu baya. Motar da ta kwana cikin ruwa za ta yi ta ba da matsalar waya har ƙarshen rayuwarta, ko wane kamfani ne ya ƙera ta. Sannan ba duk shekaru ne suke daidai ba. Camry ɗin da ake kira Muscle, musamman ta 2007 zuwa 2009 mai inji lita 2.4, an san wasunsu da shan baƙin mai saboda matsalar ringin fistin, har kamfanin ya tsawaita garanti a kai a Amurka, kuma kanikawanmu sun san wannan sarai ko da dillali bai faɗa ba.

Mu ma masu motocin muna da namu kason na laifi. Da yake an ce motar ba ta mutuwa, sai a yi ta jinkirta juye, a zuba baƙin mai na jabu saboda araha, a cika lagireto da ruwan rijiya, a cire na'urar da ke daidaita zafin inji a jefar wai don ƙasarmu da zafi, a ɗora wa HiAce kayan da ya ninka abin da aka ƙera ta ta ɗauka. Motar takan jure wannan na tsawon lokaci, kuma wannan juriyar ce take yaudarar mai ita, har ranar da inji zai buga a tsakiyar daji da iyali a ciki.

Akwai kuma haɗarin da ban cika jin ana maganarsa a garejinmu ba, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali. Jakar iskar da kamfanin Takata ya ƙera wa kamfanonin motoci da dama, ciki har da Toyota da Honda, tana ɗauke da sinadarin da ke lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, ta yadda idan aka yi karo, maimakon ta kare direba sai ta tarwatse ta watsa masa ɓaraguzan ƙarfe a fuska da wuya. Wannan ya jawo janye motoci mafi girma a tarihi, kuma Takata ya karye a 2017. A watan Janairun 2024 Toyota ya gargaɗi masu motoci kusan 50,000 a Amurka da su daina tuƙa su sam har sai an sauya jakar, kuma motocin su ne Corolla da Matrix na 2003 da 2004 da RAV4 ta 2004 da 2005. Duk wanda ya san tashoshinmu ya san cewa irin waɗannan Corolla suna cikin motocin da ke jigilar fasinja tsakanin garuruwanmu, kuma wadda ta baro Amurka kafin a gyara ta, babu wasiƙar gargaɗin da za ta biyo ta Kano.

Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma idan daga Amurka ta fito, ana iya shigar da lambar kyauta a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurran ƙasar a ga ko akwai gyaran janyewa da ba a yi mata ba. Da wannan lambar kuma ake sayen rahoton tarihin motar, wanda kan nuna ko ta yi haɗari ko ta shiga ruwa da kuma nisan tafiyar da aka rubuta mata kafin ta bar can. Ya kamata ƙungiyoyin dillalai su mayar da nuna wannan rahoto sharaɗin ciniki, hukumar kwastan da ta kiyaye haɗurra su riƙa tambayarsa lokacin biyan kuɗin fito da yin rajista, wakilan kamfanin a Najeriya kuma su sanar da jama'a da Hausa inda mai tsohuwar Corolla zai kai ta a duba masa jakar iskar.